Yadda Na Je Maraɗi Neman Mai Bakin Ɗanƙarfe

Ba yau aka fara tambayata labarin zuwana Maraɗi ba. Duk wanda ya zauna a bencin shagona ya ga bakina a sake, sai ya ce, "Malam Sale, wai da gaske ka taɓa ƙetare iyaka saboda wasan rediyo?" Nakan ce da gaske ne, in ci gaba da taka keke. To yanzu ido ya fara gardama da kafar allura, waɗanda abin ya shafa kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya huta.

A farkon shekarun tamanin ne, muna ƙarƙashin Kaduna, ba a ba mu jiha ba tukuna. Ina ɗinki a ƙauyenmu, gabas da Gozaki, kuma ni ke da rediyon da ya fi na kowa kama tasha. Duk Alhamis da la'asar sakaliya sai a cika ƙofar shagona, a murɗo wata tasha ta ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin, don jin wani wasa mai suna Matafiya Bayan Wata. Labarin wasu mutane ne da suka hau jirgi suka wuce wata, suna sauka a duniyoyin da ba a taɓa ji ba, suna karo da halittu masu ido uku. A cikinsu akwai wani mutum da aka ƙera da ƙarfe, Ɗanƙarfe, mai murya kamar daga cikin rijiya. Ba ya ci, ba ya barci, ba ya ƙarya, kuma bai san abin da ake kira kara ba. Abin da ya gani shi zai faɗa, ko a gaban surukin wa.

Da wasan ya ƙare sai aka ɓullo da wani daga jikinsa, wai shi Ɗanƙarfe Ya Sauko. Aka ce ya faɗo daga jirgin, ya dira a wani ƙauye mai suna Tsaunin Kura, ya zama baran gona. Nan majalisarmu ta rabu biyu. Mati mai shayi ya ce an wulaƙanta jarumi, wanda ya kashe dodon tauraro da wuta daga tafin hannu shi ne yau ake aike ya koro akuya. Wasu suka ce ai yanzu ne wasan ya yi daɗi, don da can ba wanda ya san ko ƙarya ake yi mana, tunda ba wanda ya taɓa zuwa bayan wata. Mata kuwa sabon suka fi so, har ta kai matata tana turo tabarma bakin zaure ranar Alhamis. Ni ina cikin 'yan tsohon, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ɗanƙarfe ya tona wani mai yayyafa wa auduga ruwa kafin a kai ta sikeli, muka yi dariya muna satar kallon juna. Ya tona wani da ya sayar da takin da aka ba shi ya raba, dariyar ta ragu. Sai ga wata Alhamis ya kama wani attajiri yana tumɓuke gambar da ke kan iyakar gona, yana matsar da ita taki guda kowace shekara cikin gonar marayun ɗan'uwansa. Attajirin nan kuwa ba ya magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Ba wanda ya yi dariya a ranar, domin ga Alhaji Barau zaune a kujerar da nake ajiye masa, shi ma ba ya magana sai ya yi gyaran murya, kuma kowa ya san labarin gambarsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi ko sallama babu.

Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya gama yanke hukunci cewa akwai mai kai rahotonmu gidan rediyo. Aka duba aka duba, zargi ya sauka a kan Yohanna. Abokina ne tun muna kiwon awaki, gidansu na bayan namu, iyayensa suna cikin waɗanda suka bi mishan. Shi ke rubuta wa kowa wasiƙa, Musulmi da Kirista, don haka ya san cikin kowa, ga shi da keke yana zuwa gidan waya a Malumfashi. Mata suka daina aika masa rubutu, maza suka riƙa amsa gaisuwarsa a taƙaice. Wanda ya fi duka, gonar da yake ci da iyalinsa aro ce, ubansa Audu ya aro ta daga hannun uban Alhaji Barau. Alhaji ya aika masa cewa bana kada ya kuskura ya sa fartanya a ciki, sai in ya kawo shaidar ba shi ba ne. Ga shi an gama sharar gona, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma Yohanna ba shi da wata gonar ko ta shimfiɗa tabarma.

Ya zo shagona ya zauna. Can ya ce, "Sale, kai ma kana zato na?"

Na ce, "Haba Yohanna." Amma gaskiya a raina akwai ɗan ɗigo, don ruwa ba ya tsami banza. Ɗigon nan ne ya hana ni sukuni, har na ce zan je in ga masu wasan ido da ido. In shi ne in sani, in ba shi ba ne in kawo shaida. Shi ba zai iya zuwa ba, don duk abin da ya kawo za a ce shi ya rubuta.

Na hau akori-kura daga Malumfashi, an loda mu kan buhunan dawa. Ba mu yi nisa ba, wajen Musawa, motar ta yi tari ta mutu, direba ya shige ƙarƙashinta muka koma gindin tsamiya. Kusa da ni wani dillalin shanu ne mai jan rawani, sai kallon jakata yake, ni kuma na ƙanƙame ta a cinya. Ashe ƙunshin ƙuli-ƙulin da ke leƙowa yake kallo. Da muka fara ci sai hira ta ɓarke, na gaya masa inda za ni.

Ya dafe ƙirji. "Tsaunin Kura? Ai garinmu ne, Malam! Mai matsar da gambar nan ƙanen maigarinmu ne. Mun ma gane mai kai tsegumin, wani malamin asibiti ne, mun sa an ɗauke shi."

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce daga gefe, "Ƙarya kake, ɗan nan. Wajen Tsiga ne. Mai yayyafa wa auduga ruwan ai mijin jikata ne, har muryar tasa."

Suka kaure da musu kamar za a doku. Wani zai ce ai nan ya kamata in juya gida, amma ni ban gamsu ba. Na ce a raina, ko dai waɗannan suna so su ƙwace mana abin kunyarmu ne, ko kuwa masu wasan suna da ɗan rahoto a kowane gari. Na ƙara ƙanƙame jakata.

Ba mu shiga Katsina ba sai bayan magariba, na kwana a rumfar tasha da takalmina ƙarƙashin kai. Da safe na sami motar Jibiya. A ɓangaren namu na iyaka ba a tsananta ba, wani ma'aikaci ya zazzage jakata ya ga ba komai sai riga da almakashi, ya tambaye ni ko aski zan je yi, ya ce in wuce. Amma da muka isa Ɗan Isa, sai ga jandarma, ɗan sandan ƙasarsu, dogo, baƙi wuluk, wandonsa ya sha guga har yana iya yanka tumatir. Ni tela ne, ɗinkin na fara dubawa, kuma wallahi wanda ya yi shi ya iya. Ya miƙo hannu ya faɗi wata kalma ta Faransanci. Na ba shi takardar harajina, ita kaɗai gare ni. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce in sauko, motar ta tafi ta bar ni.

Ya zaunar da ni a benci ya ce, "Mi ya kawo ka ƙasarmu?"

Na yi niyyar in ce gaisuwar mutuwa, sai na ga idonsa ba na wanda ake yi wa ƙarya ba ne. Na ce wajen masu Ɗanƙarfe za ni. Sai mutumin nan ya cire hula ya ajiye a tebur, ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa tawa.

"Kai wane kake so, na da ko na yanzu?"

Na rasa wace amsar ce za ta kai ni kurkuku. Na rufe ido na ce na da.

Ya buga tebur. "Yawwa! Sun ɓata shi! Mutumin da anka ƙera don yaƙin taurari, shina bin jaki da kwando? Kuma ka lura da murya? An sake mutum. Na farkon ya mutu, suna ɓoye muna." Ya riƙe ni har rana ta take, yana zayyano mini abin da ya kamata a yi: a turo jirgin ya ɗauke shi, a mayar da masu ido uku, a kashe maigarin Tsaunin Kura don ya cika surutu. Ni dai ina ta "ƙwarai kuwa", ina jiran inda tarkon yake. Babu tarko. Ya tsayar da wata motar gyaɗa da kansa ya sa ni gaba, ya ce in na isa in faɗa musu saƙon jandarman Ɗan Isa, in kuma ban faɗa ba zai sani.

Maraɗi gari ne na Hausawa kamar mu, amma komai nasu an ɗan karkata shi. Makaranta lakwal, malami mushe, in ka yi ciniki a yi maka lissafi da dala har kanka ya juye. Na sauka gidan wani fatoma Bakatsine mai saukar da 'yan goro, ya haɗa ni ɗaki da wani Buzu wanda ban taɓa ganin bakinsa ba saboda rawani. Mutumin da ba ka ga bakinsa ba yaya za ka san abin da yake nufi da kai? Na sa almakashina inda hannu zai kai. Da gari ya waye na tarar ya lulluɓe ni da bargonsa, wai ya ga ina rawar sanyi.

Da safe na je teburin mai shayi, aka kawo mini burodi dogo kamar sandar makiyayi. Na gatsa, ya yanke mini dasashi. Na mayar wa mai shayin na ce na kwanan wata ya ba ni don ya ga baƙo, sai duk teburin suka fashe da dariya, wai yanzu aka fito da shi daga wuta, haka ake cinsa, a tsoma a kofi. Ban yarda ba sai da na ga wani mai kwat yana gwaguyar nasa. Furarsu kuwa ban da abin cewa, ta gero ce tsantsa, nono kamar a yanka da wuƙa. Ita na riƙe har na baro garin, don ita kaɗai ce ba ta yi mini kama da wayo ba.

Na nemi gidan rediyon na samu da tsakar rana, na tarar da ƙofa a garƙame, maigadi yana minshari. Na ce shi ke nan, jandarma ya yi musu waya sun gudu. Na zaga kasuwa, nan ma rabin rumfuna a rufe. Ashe al'adarsu ce, in rana ta take kowa ya tafi ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati, sai la'asar a dawo. Mu a gida wanda ya kwanta da rana tsaka ko dai ba shi da lafiya ko a ce malalaci ne, su kuwa doka ce ta ba su. Da maigadin ya farka ya ce ai ba a nan ake wasan ba, ɗauko shi ake yi a faifai daga gidan wani Mushe Idi, malamin lakwal, can bayan mahauta.

Na nufi gidan ina zaton zan ga injuna da fitilu. Ɗaki ne guda, an rataye barguna da tabarmi a bango, ga na'urar ɗaukar magana a kan turmi da aka kife. Ƙarar jirgin da ke sa gabanmu faɗuwa, fanka ce ake kara wa murfin kwano. Ɗanƙarfe kuwa wani mahauci ne mai tumbi, yana zuwa da warin kitse, ya zura kansa cikin bokiti ya yi magana. Na tambaye shi ko shi ne na farkon, ya ce shi ne, bokitin ne dai aka sake don na da ya ɓule. Wallahi sai da na ji kamar an yi mini sata. Na isar da saƙon jandarma, suka ce ai duk wanda ya biyo ta Ɗan Isa da shi yake zuwa.

Mushe Idi siriri ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar dalbejiya, ya hura gawayi ya ɗora shayi irin na Buzaye. Ban ɓoye masa ba, na ce, "Mushe, wa ke kawo maka labarin garinmu? Ka san wani Yohanna?"

Ya ce bai taɓa jin sunan ba, ko Malumfashi a taswira kawai ya san ta. Mai matsar da gamba kawunsa ne, uban matarsa kuma shi ke jiƙa auduga. Gyaran muryar kuwa, mai fitowa a attajirin ne taba ta cinye wa maƙogwaro, sun yi sun yi ya bari ya kasa. Ya kira mutumin ya gaishe ni, ya kuwa yi gyaran murya sau biyu kafin ya ce sannu. Da na rufe ido sai in rantse Alhaji Barau ne.

Na roƙe shi ya faɗa a rediyo da bakinsa cewa bai san Yohanna ba, don takarda ba za ta yi aiki ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Sannan ya miƙo mini ɗan kofi ya karkata kai ya ce, "Shi Alhajin nan naku, wane irin mutum ne?"

Ni da na ƙi yarda da dillali, na ƙi yarda da Buzu, na ƙi yarda da burodi, sai ga ni na saki baki a gaban wanda ya fi kowa cancantar a yi zargi. Mutumin ya iya sauraro, ba ya katse ka, ba ya rubuta komai, sai dai ya ce "ikon Allah" ya ƙara maka shayi. Na ba shi labarin gonar, na ba shi na majalisa. Da shayin ya kai ga na zaƙi, har na gaya masa abin da ni kaɗai da Alhaji muka sani a duniya. Alhaji Barau ramamme ne kamar sillen kara, kuma yana ganin attajiri ba tumbi ba ya kwarjini, shi ya sa duk 'yar cikin da zan ɗinka masa sai na cusa mata auduga a gaba na dalle ta da zare. Mahaucin ya yi dariya har ya faɗi a kan bokitinsa. Mushe Idi bai yi dariya ba, murmushi kawai ya yi yana kallon gawayi, kuma tun a nan na fara da-na-sani.

Dawowa ba ta yi wuya ba, sai dai jandarma ya sake tsare ni ya ji amsa. Da na ce masa bokiti ne, ya ce an saye ni. Abin da aka ce mini a gida ke nan. Na tara majalisa na faɗi duk abin da na gani, Mati mai shayi ya ce ba yadda za a yi muryar nan ta zama ta mahauci, wani ya ce ai abokin ɓarawo ɓarawo ne. Alhaji Barau ya yi gyaran murya ya ce, "To, mu ji a rediyon."

Alhamis ta zo ta wuce, ba a ce komai ba. Yohanna ya rame, matarsa ta fara zancen su koma wajen danginta a Kafur. Ranar Laraba ta gaba ruwan shuka ya sauka, mai yawa, kowa ya kwashi iri ya nufi gona. Ina zaune a shago ina hango Yohanna a ƙofar gidansa, ƙwaryar irin dawa a gabansa, yana kallon mutane suna wucewa. Ban taɓa jin tausayin wani namiji kamar na ranar ba.

Washegari da la'asar ƙofar shagona ta cika har kan hanya, Yohanna yana can baya a tsaye, ba wanda ya matsa masa. Kafin a fara wasan sai ga muryar Mushe Idi, yana gaida Malam Sale Tela na wajen Gozaki da ya zo musu takanas, kuma yana shaida wa jama'a cewa bai san wani Yohanna ba, bai taɓa karɓar labari daga hannunsa ba. Na yi ajiyar zuciya. Alhaji ya taɓe baki ya ce, "Ai ko ni ne haka zan ce."

Aka shiga wasa. Attajirin Tsaunin Kura ya ƙwace gonar wani bawan Allah, ya zo dandali yana tafiya yana tura ciki gaba. Sai Ɗanƙarfe ya tare shi, muka ji ƙarar ƙarfe ƙwas ƙwas, muryar nan ta cikin rijiya ta ce, "Alhaji, na'urata ta auna cikinka. Babu hanji, babu kitse. Auduga ce, an dalle ta da zare."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Idanu suka sauka a kan cikin Alhaji Barau, daga nan suka taso gaba ɗaya suka dawo kaina, ni da keken ɗinkina. Alhaji ya naɗe hannuwan rigarsa a kan cikinsa. Fuskarsa ta yi abin da ban so in sake gani ba, don tsoho ne, kuma ya yarda da ni. A karo na farko a rayuwarsa ya yi magana ba gyaran murya.

"Sale, zancen audugar nan, Yohanna bai san shi ba. Ashe kai ne tun farko? Gambar ma kai ne?"

Gaskiya tana bakina. In ce wannan ɗaya ce tawa, sauran ba ni ba ne, ba kuma kowa ba ne, kawun wani ne a Maraɗi. Amma na riga na faɗi haka an ƙi ji. Garin nan sai ya sami mutum guda da zai ɗora wa, in na sauke rabi, rabin zai koma inda yake. Na hango Yohanna ta saman kawunan mutane, ga ƙasa a jiƙe, kwana kaɗan ta bushe.

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Duka ni ne."

Ya miƙe, ya nemi Yohanna da ido, ya ce, "Ɗan Audu, ka yafe ni. Je ka shuka gonarka." Ni kuwa bai ƙara kallona ba, kuma har ya koma ga Allah allurata ba ta sake taɓa tufarsa ba. Majalisa ta tashi daga ƙofata ta koma wajen Mati mai shayi, aka sayi wani rediyon. Ɗinkin sallar wannan shekarar Malumfashi aka kai shi. In na doso taro sai a koma zancen damina, har matata sai da ta yi kwanaki tana auna abin da za ta faɗa a gabana. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, musamman da yake ina da kashi ɗaya na laifin, ba ni da bakin kuka.

Da sassafe ranar Juma'a ina share ƙofar shago, ba kowa a bencin, sai ga Yohanna da sungumi a kafaɗa, matarsa da 'ya'yansa a baya da ƙwaryar iri. Ya ce su yi gaba. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kaɗa.

"Sale, ƙarya ka yi."

Na ci gaba da shara. Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

"Zan je in gaya wa Alhaji. Ba zan ci tuwon gonar nan da sunanka a ƙasa ba."

Na jingine tsintsiya na kama hannun sunguminsa na juya shi ya fuskanci hanyar gona. Na ce, "In ka buɗe baki, ni na yi asara kai ka yi asara, Alhaji kaɗai zai ci riba. Wuce ka yi shuka, Yohanna, ƙasa tana shan iska."

Ya gyara sungumin a kafaɗa ya bi bayan 'ya'yansa.